Kada Ka Taɓa Sukurun Silo Tukuna

Akwai wani ɗan sukuru a jikin kafireta, da kuma a maƙogwaron totur na wasu tsofaffin motoci masu nozul, wanda ya fi kowane sukuru a mota shan murɗa alhali bai ji ba bai gani ba. Sukurun silo ke nan, mai seta saurin juyin inji lokacin da mota ke kunne ba a taka totur ba. Da zarar mota ta fara karkarwa a tsaye, ko ta riƙa mutuwa in an ɗage ƙafa daga kan totur, wurinsa hannu ke fara zuwa. A murɗa shi rabin zagaye, allurar da ke nuna juyin inji a minti ta tashi daga 700 ta koma 1,100, karkarwa ta lafa, mai mota ya ja abarsa yana murna. Cutar kuwa tana nan daram. An dai ƙara wa inji murya ne har ta danne nishinsa, ga ƙarin shan mai, in kuma motar otomatik ce ga giya tana bugawa duk sa'ar da aka saka ta.

Na daɗe ina riƙe tsofaffin motoci, mai kafireta da mai nozul duk na zauna da su, kuma yawancin ƙananan gyare-gyarensu da hannuna nake yi, duk da ni ba bakanike ba ne. Abin da na tabbatar shi ne sukuru ba ya kwance kansa dare ɗaya. In jiya mota tana silo lafiya lau, yau kuma tana rawa, to wani abu ne ya canza, shi za a nemo. Kuma tun kafin a ɗaga bonet akwai tambayar da ke rage rabin wahalar: yaushe take yi?

A silo ne inji ya fi rauni, shi ya sa lahani ke fara tona kansa a nan. Faifan totur kusan a rufe yake ruf, iskar da ke wucewa 'yar kaɗan ce, man da ake haɗa ta da shi ma ɗan kaɗan. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, in da nauyi aka auna. In kana sheƙa gudu, iska mai yawa ke kwarara ciki, 'yar tsaga a jikin tiyo ba za ta ɓata lissafi ba. A silo kuwa abin da ke shiga ta tsagar nan yana iya zama babban rabo daga duk abin da injin ke shaƙa. Haka batun wuta. Inji mai silinda huɗu da ke juyawa sau 750 a minti yana tashin wuta sau 25 a daƙiƙa, a 3,000 kuma sau 100. In guda ta kuskure a can sama, nauyin fulawil ya shanye ta. A silo kuwa sitiyari da kujera za su sanar da kai.

Kwanakin baya ƙanena ya kira ni ransa a ɓace. "Yaya, motar nan ta ishe ni, sai mutuwa take yi a danja. An ce in sayo filogi da kwayil da famfon mai." Na ce, "Wa ya auna ya ce sun lalace?" Ya ce ba wanda ya auna, an dai saurari kukanta ne. Na ce, "To riƙe kuɗinka, ba ni labarin mutuwar." Da na yi ta jan sa da tambaya sai ga abin da ya fito. Da safe ba ta yi, yawon cikin gari ba ta yi, sai an yi doguwar tafiya da gudu an zo tsayawa. Tana gab da tsayawa sai ta hau jijjiga ta mutu, daidai yadda mai giyar hannu ke yi in direba ya manta bai taka kulochi ba. In ya mayar da giya firi kafin ya tsaya, ba ta mutuwa. Motarsa otomatik ce, kuma a cikin konbatar irin wannan giya akwai wani kulochi da ke damƙewa in mota ta miƙe hanya don rage shan mai, ya saki in an rage gudu. Nasa ba ya saki. Da aka kai ta wajen mai gyaran giya, sulenoyid ɗin da ke kula da kulochin, ɗan bawul mai aiki da lantarki, aka tarar ya maƙale. Injin ko laifi ɗaya ba shi da shi.

Kowane lokaci da abin da yake nunawa. Motar da ke rawa da sanyin safiya ta daidaita in ta yi zafi, a duba abin da ke ƙara mata mai da iska lokacin sanyi: cok in mai kafireta ce, sensar zafin ruwa da bawul ɗin silo in mai nozul ce. Wani lokaci gasket ɗin manifol ne, wato bututun da ke raba wa silinda iska, ya tsufa, yana shan iska da sanyi, in ƙarfe ya yi zafi ya buɗa sai ya toshe kansa. Wadda kuma sai ta yi zafi take mutuwa, a lura da irin mutuwar. In ɗif take yi kamar an zare makulli, ba tari ba gargaɗi, ta ƙi tashi sai ta huce, wuta ce ta ɗauke: sensar karanshaf, ko kwayil, ko iginaitar distirbito. Dukansu suna da halin yin aiki da sanyi su yanke in zafi ya ratsa su. In kuwa sai ta yi tari ta rage ƙarfi tana ja da ƙyar sannan ta mutu, zargina ya fi karkata ga mai. Irin wannan ciwo mai zuwa ya tafi, yana kai ake kama shi. Nan gefen hanyar da ta mutu za a duba ko akwai wuta a filogi, a kuma kunna makulli a saurari ko famfo yana 'yar ƙararsa ta daƙiƙa biyu a cikin tanki. In aka bari ta huce aka kai ta gareji da ƙafarta, duk abin da aka auna lafiya zai nuna.

Akwai wadda sai an kunna esi, ko an murɗe sitiyari har ƙarshe, sannan allura ta faɗi. Nauyi aka ɗora wa inji, abin da ya kamata ya ƙara masa iska ya tallafe shi kuma bai motsa ba. Akwai wadda in ka danne birki a tsaye silo ya rikice, har ka ji huci wajen feda: robar cikin busta ce ta fashe, baƙar tukunyar nan da ke bayan mastar birki. Wadda ke rawa daga an cika tanki, bawul ɗin da ke sakin tururin fetur zuwa inji ne ya maƙale a buɗe. Ta ranar ruwan sama ko bayan wankin inji kuwa, wayoyin filogi da hular distirbito. Na ma taɓa ganin wadda bayan doguwar tafiya take shaƙewa ta mutu, in an buɗe murfin tanki ya yi wata doguwar zuƙa sai ta tashi garau. Hanyar da iska ke shiga tanki ce ta toshe, famfo yana ta ja har ya kasa.

Wani abu kuma da nake tabbatarwa tun da wuri: injin ne ke rawa ko jikin motar? In allura tana tsaye cak a 750 amma dashbod na karkarwa, musamman giya na ciki an take birki, in an mayar firi ya lafa, sau da yawa robobin da inji ke zaune a kansu ne suka mutu. Injin ƙalau yake, girgizarsa ta kullum ce ta rasa abin da zai tare ta.

In an tabbatar injin ne, daga iska nake farawa, domin a tsohuwar mota roba ce ke riga kowa tsufa. A motoci masu sensar MAF, wadda ke zaune bayan filtar iska tana auna duk abin da ya wuce, da awon nan kwamfutar mota ke raba mai. Iskar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya bayan sensar ba a san da zuwanta ba, ba a kuma ware mata mai ba. Sai mai ya yi kaɗan a haɗin, inji ya riƙa hawa yana sauka. Masu sensar MAP, wadda ke auna matsin cikin manifol, su sau da yawa silo ne ke hawa sama ya ƙi saukowa.

Motata ta yanzu, mai silinda huɗu ƙirar shekarun 1990, ta taɓa yi mini irin wannan. A firi tana silo sumul. Da na saka giya na fara saki sai ta shaƙe, wani lokaci ta mutu. Babban tiyon nan mai ninki-ninki da ya taso daga gidan filta zuwa maƙogwaron totur, in ka kalle shi daga sama sabo fil. Sai da na cire shi na lanƙwasa a hannu, sannan tsaga ta wangame baki a ƙarƙashi, cikin kwarin ninki ɗaya. Ashe in inji ya ɗauki nauyi yakan ɗan karkata a kan robobinsa, karkatar ke jan tiyon tsagar ta buɗe, in ya koma daidai ta rufe bakinta. Tun daga nan ba na yarda da tiyon da ban cire na murɗa da hannuna ba.

Neman inda iska ke sata ba ya son kayan aiki da yawa. Sami guntun tiyo, baki ɗaya a kunnenka, ka riƙa bin manifol da ɗayan, inda ke sha za ka ji yana fito siriri. Ka dai kiyayi fanka da fanbel, hannun riga ya yi nesa da su. Ƙananan tiyon da suka fita daga manifol kuma ka matse su da filaya ɗaya bayan ɗaya, wanda ka matse silo ya daidaita, matsalar tana can ƙarshensa. Ana kuma fesa maganin wanke kafireta a bakin gasket da mahaɗai, inda aka fesa inji ya canza murya, nan ne. Yana aiki, amma abin yana kama wuta, ni ba na yin sa a kan inji mai zafi. Wanda ya fi duka shi ne a hura hayaƙi cikin manifol inji a kashe, a ga inda yake ɓullowa. Kada a manta da bawul ɗin PCV, ɗan abin nan da ke zuƙe tururin baƙin mai daga murfin bawul. In ya maƙale a buɗe, shi ma ɓarauniyar hanya ne.

Bayan iskar da ta yi yawa sai wadda ta yi kaɗan. Tururin baƙin man nan da ƙura sukan haɗu su yi baƙin danƙo a gefen faifan totur, daidai 'yar tazarar da iskar silo ke bi. Bawul ɗin silo, IAC, ƙofar gefe ce da kwamfuta ke buɗewa tana rufewa don riƙe silo, shi ma danƙon yana kama shi ya yi nauyi. Alamarsa ba ta ɓuya: ka taho da gudu ka ɗage ƙafa, allura ta faɗo ta zarce inda ya kamata ta tsaya, wani lokaci ta farfaɗo, wani lokaci ta kai ƙasa. In ka ɗan ɗora ƙafa a totur kuwa inji sumul. Tsumma da tsohon buroshi da maganin wanki sun isa. Sai dai bayan wankin, ko bayan an cire kan batir, wasu motocin silonsu ba ya zama nan take, domin kwamfuta ta saba da dattin, sai ta sake koyo. A yi mata haƙuri.

Bawul ɗin EGR kuwa ya sha jawo a kama marasa laifi. Tun farkon shekarun 1970 aka fara sa shi a motoci, aikinsa ya mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji don rage zafin ƙonewa, wanda ke rage gurɓatacciyar iskar nan ta NOx. Sharaɗinsa ɗaya ne, a silo dole ya zauna a rufe. In gutsuren gawayi ya tokare shi, inji na shaƙar hayaƙin da ba ya cin wuta a daidai lokacin da ya fi bukatar iska mai kyau. Mota ta riƙa gudu lafiya a hanya, a tsaye kuma kamar za ta watse. A irin na da mai aiki da zuƙa, ka naɗe yatsa da tsumma ka tura robarsa sama inji na silo. Mai lafiya zai sa inji ya shaƙe nan take. In ba abin da ya canza, ko dama a buɗe yake, ko hanyarsa ta toshe.

A batun wuta, abin da ake son sani shi ne duka silindar ke ciwo ko guda ɗaya. Mis, wato kuskuren tashin wuta, in na silinda ɗaya ne yana da tsari, in ka sa tafin hannu kusa da bakin salansa za ka ji fat, fat, fat a kan lokaci. Matsalar da ta shafi duka ba ta da wannan tsarin. Don gano wacce ce, inji na silo ka zare soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka zare inji ya ƙara rikicewa, tana aiki. Wadda ka zare bai ko kula ba, ita ce. Na fi son wannan a kan fizge wayar filogi, domin wutar cikin wayar nan ta haura bolt 10,000, in ta rasa hanya tana iya bi ta hannunka ko ta ƙona iginaita. In motar mai kwayil ɗai-ɗai ce a kan kowane filogi, musanya na silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta. In mis ya bi kwayil ya koma can, magana ta ƙare. In ya zauna, a musanya filogi, sannan nozul. In an musanya duka yana nan, ciwon na cikin silindar ne, zan zo kansa.

Filogin da aka cire kuma a jera su yadda suke a inji a dubi bakinsu. Ƙasa-ƙasa ko toka-toka, lafiya. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ke haurowa. Guda ɗaya da ya fita daban tas kamar an wanke shi, wannan nake tsoro, don sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga silindar. Tazarar bakin filogi a yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.7 zuwa 1.1, tana kuma buɗewa da tsufa. In an taɓa cire wayoyin a tabbatar an mayar da su daidai, yawancin injuna masu silinda huɗu a jere 1-3-4-2 suke bi. Masu kwantak a distirbito kuwa, tazararsa wajen milimita 0.4 ce, tana tsukewa yayin da dunduniyarsa ke cinyewa, tayimin ya ja baya, silo ya lalace a hankali har mai mota ya kasa faɗin ranar da abin ya fara.

Famfon mai, a ganina, shi aka fi yi wa ƙazafi. A silo ne inji ya fi shan mai kaɗan. Famfon da ya fara gajiya, ko filtar da ta toshe, a hawan tudu da wajen wuce wata mota suke fara nuna hali. Motar da ke ja da ƙarfinta a hanya amma tana rawa a tsaye, da wuya famfo ne. In ana shakka a ɗaura geji. Masu nozul na da yawanci suna tsakanin psi 35 zuwa 45, mai kafireta kuwa psi 3 zuwa 6 ya ishe ta, kowace dai da adadin da littafinta ya faɗa. Abin da ya fi taɓa silo a ɓangaren mai shi ne regileta mai daidaita matsin fetur, da nozul mai ɗiga. Zare ɗan tiyon da ke kan regileta ka shinshina. In akwai fetur a ciki robarta ta fashe, inji na shan ɗanyen mai ta nan, ga baƙin hayaƙi ga warin fetur.

Mai kafireta tana da tata hanyar silo daban a ciki, da ɗan jet ɗin da ƙwayar datti ɗaya ta isa ta toshe shi. Sai ka ga mota ba ta zama sai da cok ko da ƙafa a kan totur. Da yawansu kuma suna da ɗan sulenoyid a gefe mai waya ɗaya, wanda ke toshe man silo in an kashe makulli don kada inji ya ci gaba da tari. In wayarsa ta tsinke ko fis ya ƙone, hanyar silo a rufe take, ko wanki nawa aka yi wa kafiretar. Kunna makulli ka zare wayar ka mayar, ya kamata ka ji ƙas. Kama sandar faifan totur kuma ka girgiza, in tana wasa iska na shiga ta nan, ba setin da zai zauna. Sai an gama da waɗannan, bawul a sete, tayimin daidai, filtar iska da tsabta, inji ya yi zafi cok ya buɗe gaba ɗaya, sannan ake zuwa kan sukurori biyu na kafireta, na haɗin mai da na silo. A daidaita na haɗin mai har inji ya kai inda ya fi santsi, a kawo na silo kan adadin da masu ƙera motar suka rubuta, wanda sau da yawa yana kan takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet.

In motarka tana da soket ɗin OBD-II, inda ake soka sikana ta karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota, ka huta da lalube mai yawa. Amurka ta wajabta shi a kan motocin 1996 zuwa sama, Turai ta biyo da nata a kan masu fetur daga 2001. Soket ne mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, ƙaramar sikana mai haɗuwa da waya ta isa. P0300 mis ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba, P0301 zuwa P0304 suna faɗin lambar silindar, P0171 mai ya yi kaɗan, P0172 ya yi yawa, P0505 tsarin silo, P0335 sensar karanshaf. Waɗanda suka girmi wannan zamanin ma ba bebaye ba ne. A tsofaffin Toyota, alal misali, ana haɗa TE1 da E1 a ɗan akwatin gwaji da guntuwar waya, fitilar cek ta riƙa ƙiftawa ana ƙirgawa. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukar lambar a matsayin sunan abin da za a sayo. P0171 ta fito, sai a ce sensar oksijin mai auna hayaƙin salansa ta mutu, alhali ita ce ta kawo rahoton, kuma mai yiwuwa gaskiya ta faɗa.

Ni wasu alƙaluma biyu na fi dubawa a sikana, STFT da LTFT, masu nuna kashi nawa cikin ɗari kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan man da ta yi niyyar bayarwa. Haɗa su biyun. In suna cikin 10 sama ko ƙasa, ba damuwa. In a silo ka ga +20, ka taka totur ka riƙe a 2,500 ya sauko kusa da sifili, iskar ɓarauniyar hanya ce kusan ba tantama, don yawan iskar da ke shiga ta ƙofa ya rinjayi ta tsaga. In kuwa a silo lafiya, sai an taka yake hawa, nan ne za a waiwayi famfo da filta da dattin MAF. Ka kuma duba zafin ruwan da sikana ke nunawa da safe kafin a tada mota, ya kamata ya zo kusan daidai da zafin iskar waje. Mota ta kwana amma sensa na cewa digiri 70, ko inji ya yi zafi tana cewa 20, ƙarya take shara wa kwamfuta, kuma sau da yawa ko fitila ba ta kamawa. Da mitar auna lantarki ma ana kama ta: irin da aka fi sani tana ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Masu cire tamostat su jefar kuma su sani, injin da ba ya kai zafinsa kwamfuta ɗaukarsa take mai sanyi, ta yi ta ɗura masa mai har filogi su yi baƙi. Tunda mita na hannu, a auna batir: bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 inji na aiki.

Akwai wani tsohon kayan aiki da sikana ta sa aka manta da shi, gejin zuƙa, wanda ake sokawa a ɗaya daga tiyon manifol. Inji mai lafiya a silo yana riƙe allurarsa cak tsakanin inci 17 zuwa 21, a wuri mai tudu kuma ya ragu da kusan inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000 ta tsawo. Ƙasa da haka amma a tsaye, tayimin ya yi baya ko iska na shiga. In tana faɗuwa tana dawowa a kan bugu ɗaya, bawul ne ba ya rufuwa. In ka riƙe totur a 2,500 ka ga tana zamewa ƙasa a hankali, salansa ce ta toshe, yawanci katalis, matatar hayaƙin da ke cikinta, ya narke. Shi kuma mis ke narkar da shi, ɗanyen fetur ya je ya ƙone a cikinsa. Shi ya sa in fitilar cek tana ƙiftawa maimakon ta tsaya, ba a ci gaba da tafiya.

Mu koma kan silindar nan da aka musanya mata komai ta ƙi. Saura awon kwamfireshan. Inji da ɗuminsa, a cire filogi duka, a zare fis ɗin wuta da na famfon mai, a take totur har ƙasa, a juya inji da kik har allura ta daina hawa. Yawancin injunan fetur suna ba da psi 120 zuwa 180, amma daidaiton silinda da 'yan'uwanta ya fi adadin muhimmanci, kada bambanci ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa a ɗiga mata kamar ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin filogi a sake aunawa. In ta hau sosai, rin ɗin fistin ne suka cinye. In ba ta motsa ba, bawul ne. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ɗin tof, wato kan inji, ya ƙone a tsakaninsu.

Ko awo ya nuna bawul, kada a yi saurin sauke tof. A injunan da ake seta bawul da hannu, tazarar tana tsukewa da tsufa yayin da bawul ke nutsewa cikin mazauninsa, musamman na ɓangaren salansa. In ta ƙare bawul ba ya rufuwa sosai, matsi ya riƙa zurarewa. Don haka a buɗe murfi a zura fila geji tukuna. In tazara ce ta ɓace kuma an kama ta da wuri, seti kaɗai zai dawo da matsin. In an daɗe ana tafiya a haka, bawul ɗin da ba ya zama a mazauninsa ba ya samun inda zai sauke zafinsa, gefensa ya ƙone, sannan kam sai an sauke tof.